Yaran Adar da Ƙananan Hukumomi: Wa Zai Bi Sawun Amana?

Wannan shi ne rubutun laccar da aka gabatar a garin Keita, a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Keita, Buza da Madawa.

Gaisuwa da girmamawa ga sarakuna da malamai, alhazai da hajiyoyi, shugabannin ƴan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da sauran ma'aikatan bariki. Allah ya saka wa kowa da alheri bisa barin rumfarsa ko ofishinsa da ya yi domin sauraren maganar yara.

Bayan haka, kowace ranar kasuwa, a Tamaske ko Ibohamane ko Madawa, mai karɓar kuɗin ƙaramar hukuma yakan zagaya rumfa-rumfa, ya yanka tikiti, ya karɓi kuɗi. Mai buhun albasa ya biya, mai sai da bisashe ya biya, mai tebur ma ya biya. Amma a cikin masu biyan nan, kaɗan ne suka taɓa tambayar nawa ne daga cikin kuɗin ya koma kan yaran garin. Wannan tambaya ita ce maƙasudin zaman yau. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Keita kaɗai tana da mutum fiye da 330,000 a cikin ƙananan hukumominta huɗu, wato Keita, Tamaske, Garhanga da Ibohamane, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ke nan hukumar da ba ta ba da lissafin yara ba, ta bar rabin jama'arta a waje.

Ya kamata a tuna yadda aka samu waɗannan hukumomi, domin ba a kan tabarma aka tsince su ba. Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, ya kuma ƙarfafa kiran a kusanto da mulki ga talakawa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairu 1999, amma rigima ta biyo bayan sakamakon, aka kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara ranar 9 ga Afrilu na wannan shekara, waɗanda aka zaɓa ba su taɓa zama kan kujerunsu ba. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, suka zaɓi magadan gari daga cikinsu. A 2010 aka tattara dokokin ƙananan hukumomi cikin kundi guda, sa'an nan ranar 26 ga Janairu 2016 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya miƙa musu iko a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwan sha da muhalli. A fannin ilimi, gina makarantun firamare da na renon yara, gyaransu, da zuba musu kujeru da kayan karatu, duk sun koma wuyan ƙaramar hukuma.

To, an miƙa kaya, amma ba a miƙa jakin da zai ɗauke su ba. Abin da ƙaramar hukumar karkara take dogara da shi shi ne harajin kai, wanda ya daɗe a kan tamma 700, wato dala 140, sai kuɗin kasuwa da na tasha, sai ɗan tallafin da ke biyowa ta hukumar ANFICT da aka kafa a 2008. A ƙasar Adar kuwa, da an gama girbi magidanta da samari sun kama hanyar bida zuwa Najeriya, Abijan ko Libiya, mai gari ya rasa wanda zai karɓi haraji a hannunsa. Ɗan abin da ya shigo, albashin ma'aikatan ofis da man mota da kuɗin zaman kansiloli su ne ke fara cin rabonsu, abin da ya rage shi ne na yara. Wannan uzuri ne na gaskiya. Sai dai ƙarancin kuɗi shi ne babban dalilin da zai sa a sa ido, domin gidan da hatsinsa bai da yawa shi ya fi bukatar a san inda kowace tiya ta tafi.

A duba maganar azuzuwan zana. A shekarun baya-bayan nan hukumomi da kansu sun faɗi cewa akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Kowane malamin makaranta a zauren nan ya san yadda abin yake: ana buɗe makarantu a Oktoba, amma rumfar karatu ba ta tsayawa sai an yanke gero an samu kara, kuma da hadarin farko ya taso an tashi. Yaron da ke ƙarƙashin zana yakan yi asarar makonni a farkon shekara da ƙarshenta, sa'an nan a haɗa shi jarrabawa ɗaya da wanda ke cikin ɗakin siminti. Abin bai tsaya ga asarar karatu ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara irin haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasa rayukansu. Ko da ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin gina ɗakuna ɗari, tana da ƙarfin ƙirga rumfunanta, ta raba su da juna, ta nisanta su da masu tuya, ta kuma faɗa wa jama'a guda nawa za ta mai da ginin ƙasa ko na siminti a bana.

Sai takardar haihuwa, wadda a ofishin magajin gari ake rubuta ta. Yaron da aka haifa a ƙauye ba a kai sunansa ba, ranar jarrabawa ake gane cewa hukuma ba ta san da shi ba, sai uba ya shiga neman shaidu da hukuncin alƙali. Ga yarinya kuwa, rashin takardar ya fi haɗari, domin ba a iya tsaya wa shekarun da ba a rubuta ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin kare yarinyar da ke karatu, a 2019 kuma ta kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa jiha, gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Ke nan dokoki suna nan. Abin tambaya shi ne yaushe kwamitin Garhanga ko na Karofane ya yi zamansa na ƙarshe, kuma ƙarar yara nawa ya saurara.

Jihar Tawa ta riga ta ga sakamakon shirun hukuma. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a matsayin wahaya, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta yi shekaru a hannun wanda ya saye ta a yankin Ƙonni. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, amma sai da maganar ta kai kotun CEDEAO, da taimakon ƙungiyar Timidria, kafin a share mata hawaye. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ɗora wa gwamnatin Nijar laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Abin lura shi ne kotun ta kama hukumomin da maganar ta zo gabansu suka kau da kai. Kowane ma'aikaci da ke riƙe da hatimi ya auna kansa da wannan hukunci.

Wani zai ce talakan ƙauye bai iya bin diddigin hukuma ba. Tarihin wannan ƙasa ya ƙaryata shi. Daga 1984, lokacin da aikin raya karkara na Keita ya fara da tallafin ƙasar Italiya da hukumomin FAO da PAM, matan Adar ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare zaizayar ƙasa, aka dasa miliyoyin itatuwa a fako. Haka kuma a jihar Tawa ne, a 2004, aka fara aikin "Makaranta Don Kowa" da tallafin ƙasar Japan, inda iyaye ke zaɓen ƴan kwamitin makaranta, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri, a tsara aikin shekara a gaban taron gari, a dawo a karanta lissafi a gaban taron. Da aka ga amfaninsa aka bazu da shi ko'ina cikin ƙasa a 2007. Mutanen da suka iya tambayar ma'ajin kwamitin makaranta za su iya tambayar ma'ajin ƙaramar hukuma.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Akwai masu cewa ba a yi asarar kome ba, domin kansiloli da yawa ba a ganinsu sai ranar karɓar kuɗin zama, wasu kuma rigimar jam'iyya da neman tsige magajin gari ta cinye musu lokaci. A cikin wannan zargi akwai gaskiya. Amma kansila, kome rauninsa, ɗan gari ne, ana iske shi a masallaci da wurin suna, kuma doka ta sa zaman majalisarsa ya kasance a buɗe ga jama'a. Kantoma kuwa, ko da mutumin kirki ne, wanda ya naɗa shi yake ba lissafi. Nauyin da ƙudurin 2016 ya ɗora wa ƙaramar hukuma bai faɗi ba don an rushe majalisa. Masu tambaya ne suka ragu, kuma wannan giɓi shi ne ya rataya a wuyan mutanen da ke zaune a wannan zaure.

Ɗan kasuwa yana da hujja a aljihunsa, ita ce tikitin da ya biya. Ƙungiyar ƴan kasuwar kowane gari tana iya zuwa, cikin ladabi, ta nemi a manna kasafin kuɗin shekara a ƙofar ofis, a kuma karanta shi da Hausa da Tamajak a gidan rediyon gari, a ware abin da aka kashe kan makarantu da asibitin yara. Alhajin da ya yi niyyar gina aji saboda Allah, ya fara tambayar sufeton makarantu wane ƙauye ne ya fi matsuwa. Ma'aikaci kuwa shi ke riƙe da littattafai: shugaban makaranta ya san ƴan mata nawa suka daina zuwa, unguwarzoma ta san haihuwa nawa ba a rubuta ba, malamin asibiti ya san yara nawa tamowa ta kama. In waɗannan alƙaluma suka tsaya cikin akwati, ba su da amfani ga kowa. A kai su gaban sarki, gaban kwamitin makaranta da gaban mai riƙe da ƙaramar hukuma, aƙalla sau ɗaya kowane wata uku, a rubuta amsar da aka bayar.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Magadan gari sun zo sun wuce, kantomomi ma za su wuce, amma yaron da ya shiga aji ɗaya a bana ba zai jira zaɓe ba kafin ya girma. Allah ya raya zuriya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa ƙarfin zuciyar tambaya.