Kalmar "Tselem" Da Darajar Ɗan Adam Cikin Farawa Sura 1



An roƙe mu mu yi magana a kan labarin halitta yadda yake a Ibrananci. Mun san wasu suna jiran maganar kwana shida, domin 'ya'yanmu na jami'a sukan dawo gida da tambayoyi, har murya ta tashi tsakaninsu da dattawa. Kalmar ita ce yom. A aya ta 5 kaɗai tana nufin lokacin haske, tana kuma nufin yini da dare a haɗe, a 2:4 kuwa ta ɗauke dukan aikin halitta. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ɗauka cewa nan take Allah ya halicci kome. Wasu masu bi na gaskiya sun tsaya a kan awa 24. A ganinmu wannan bai isa ya raba 'yan'uwa a teburin Ubangiji ba.

Inda muke so mu daɗe shi ne aya ta 26 da 27. Akwai kalmomi biyu a nan, tselem da demut, waɗanda da Hausa muke ce musu siffa da kamanni. Mun saba ɗaukar siffar Allah a kan hankali ko lamiri, amma tselem abu ne da ido ke gani: mutum-mutumi ne da aka sassaƙa. Ita ce kalmar da Daniyel sura 3 ya kira gunkin zinariyar Nebukadnezzar da ita, da Aramiyanci. A 1979 an tono mutum-mutumin wani sarki a Tel Fekeriye cikin ƙasar Siriya, rubutun da ke jikinsa ya kira shi da waɗannan kalmomi biyu ɗin nan. Sarakunan zamanin sukan kafa siffarsu a lardin da ba sa zaune, domin kowa ya san mai ƙasar. Ku tuna da hoton gwamna a bangon ofis. Takarda ce kawai, amma wanda ya yage ta ya san wa ya taɓa.

A Masar da Mesofotamiya, sarki ne aka saba kira siffar allahnsu. Talaka fa? Labarin halitta na Babila, Enuma Elish, ya ce an yi mutane da jinin wani allah da aka kashe, domin su ɗauke wa alloli wahalar aiki. Yanzu ku dubi Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila bayan faɗuwar Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu: 'yan tsiraru, ba sarki, ba haikali, ba gonar gado. Su ne suke karanta wa 'ya'yansu cewa sarautar nan ta kowane adam ce. Kalmar adam a nan ba sunan mutum ɗaya ba ne, 'yan adam duka ne, kuma aya ta 27 ta ambaci namiji da ta mace a fili. Cikin ayar kuma bara, aikatau na halitta wanda Allah kaɗai ke yinsa, ya zo har sau uku.

'Yan'uwa, mun san zafin a kira mutum arne a kasuwar garinsu. Wasu ikilisiyoyinmu sun yi shekaru suna neman filin majami'a ko na makabarta. Yaron da ya girma yana jin haka yakan fara sunkuyar da kai, har ya ɓoye sunansa na baftisma. A ajin baftisma da makarantar Lahadi, sai mu koya masa wannan aya tun da wuri, kafin titi ya koya masa wani abu dabam.

Amma kalmar ba ta tsaya a ƙofar majami'armu ba. An faɗe ta kafin a haifi Ibrahim, kafin a sami Bayahude ko Kirista. Bayan zunubi da ruwan tsufana ma, Farawa 9:6 ya hana zub da jini saboda wannan siffa, Yaƙub 3:9 kuma ya tsauta wa bakin da ke yabon Allah yana zagin mutum. Almajirin da ke bara a ƙofar gidanmu tselem ne. Haka Bafulatanin da shanunsa suka ci mana dawa. Mu kai ƙara wurin dagaci, mu nemi diyyarmu, amma kada matasanmu su ɗauki adda. Wannan yana da wuya, musamman ga waɗanda suka binne nasu. A cikin gida kuma, uban da ya cire 'yarsa daga makaranta domin kuɗin ya ishi ɗa namiji, dattawa su zauna da shi a kan aya ta 27.

A zama na gaba za mu ɗauki 2:7, inda aka yi adam daga adamah, wato ƙasar noma. Kowa ya karanta sura ta 2 kafin ya zo. Ubangiji ya taimake mu. Amin.