Ƙaramar Ƙasa da Manyan Kofuna: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Urugwai



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Urugwai, a ga yadda aka yi ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan uku da rabi ba ta ci kofin duniya har sau biyu, alhali kuwa akwai ƙasashen da suka ninka ta sau hamsin a yawan jama'a ba su ko taɓa zuwa wasan kusa da na ƙarshe ba. Domin a gane ƙanƙantarta sosai, mutanen Urugwai duka ba su kai rabin mutanen Jihar Kano ba bisa ƙidayar 2006. Tana nan a Kudancin Amurka, a matse tsakanin ƙattai biyu, watau Barazil da Ajantina, kuma kusan rabin jama'arta suna zaune ne a babban birnin Montebidiyo da kewayensa.

Turawan Ingila ne suka kai musu wasan, kamar yadda suka kai shi wurare da dama. A 1891 ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na Ingilishi suka kafa kulob ɗin da daga baya ya zama Peñarol. A 1899 kuma samarin ƙasar suka kafa nasu, suka raɗa masa suna Nacional, don su nuna cewa tamaula ba ta baƙi kaɗai ba ce. Hukumar ƙwallon ƙasar ta kafu a 1900. Farkon al'amarin bai yi daɗi ba, gama a 1902 Ajantina ta zo har gida ta zuba musu ci 6 ba ko ɗaya. Da shekara ta zagayo suka haye kogi zuwa Buenos Aires suka rama da ci 3 da 2. Rigar nan mai launin sararin samaniya da aka san su da ita kuwa, a 1910 suka fara sa ta.

To, zuwan Turawa bai isa ya zama dalilin nasara ba, tun da ba Urugwai kaɗai suka je ba. Dalilin yana cikin abin da hukuma ta yi da jama'arta. Tun a 1877 aka yi dokar ilmi wadda José Pedro Varela ya yi fafutukar kafawa, ta mai da karatun firamare kyauta kuma tilas. Sa'an nan aka sami shugaba José Batlle y Ordóñez, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1907, ya kuma sake daga 1911 zuwa 1915. A zamaninsa ne aka kafa hukumar motsa jiki ta ƙasa a 1911, wadda ta shiga buɗe filayen wasanni a unguwanni, kowa ya zo ba a biyan ko kwabo. A 1915 aka yi dokar da ta ƙayyade aikin lebura ga sa'a takwas a rana. Ya kamata ma'aikatan gwamnati su tsaya a kan wannan, domin lebura mai aikin sa'a goma sha biyu ba ya da ƙarfin da zai bi ƙwallo da la'asar, yaron da ba shi da fili kuwa ba ya da inda zai koya. Waɗanda suka tsara dokokin nan ba kofi suke nema ba, lafiyar jama'a da zaman lumana suke nema, amma kofin ya biyo baya.

Akwai kuma batun launin fata. A 1916 aka yi gasar farko ta ƙasashen Kudancin Amurka a Buenos Aires. Urugwai ta doke Cile da ci 4 ba ko ɗaya, sai wakilan Cile suka kai ƙara wai an sa musu 'yan Afirka biyu a fili, watau Isabelino Gradín da Juan Delgado. Mutanen nan biyu haifaffun Urugwai ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, a ƙasar da ta soke bauta tun 1842. Ƙarar ba ta yi tasiri ba, Urugwai ta ɗauki kofin, Gradín kuma shi ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar. Ƙasar da ba ta da yawan mutane ba ta da halin da za ta zubar da gwani saboda baƙar fatarsa, kuma Urugwai ta riga maƙwabtanta gane haka. Sai dai kada a ɗauka cewa adalcin fili ya kai har gida. José Leandro Andrade, baƙin ɗan wasan da ya ruɗa birnin Paris a 1924, ya rasu a 1957 cikin talauci, a gidan gajiyayyu na Montebidiyo.

Tafiyar 1924 ɗin nan ita ce ta sanar da duniya sunan ƙasar. Hukumar ƙwallo ba ta da kuɗin jirgin ruwa, sai da wani jami'inta, Atilio Narancio, ya jinginar da gidansa. Da suka sauka a Sifen suka yi wasa tara don su sami guzuri, suka cinye duka. A gasar Olamfik ta Paris suka ci Yugoslabiya 7 ba ko ɗaya, suka ci masu masauki Faransa 5 da 1, kana a ranar 9 ga Yuni suka ci Suwizalan 3 ba ko ɗaya a wasan ƙarshe. Mutanen Turai sun saba da dogon bugu da ture, sai ga waɗansu suna miƙa wa juna ƙwallo gajere gajere a ƙasa, suna yanka kamar masu rawa. A 1928 suka maimaita a Amsterdam, inda suka yi kunnen doki da Ajantina, aka sake wasan suka ci 2 da 1. Waɗannan gasa biyu hukumar FIFA ce ta shirya ɓangaren ƙwallonsu, shi ya sa Urugwai take sa taurari huɗu a ƙirjin rigarta maimakon biyu.

Da FIFA ta yanke shawarar shirya kofin duniya na kanta, Urugwai ta nemi a ba ta, domin 1930 ita ce shekara ɗari da kafa tsarin mulkinta. Ta yi alkawarin biyan kuɗin jirgi da masaukin kowace ƙungiya, ta kuma gina filin Centenario cikin wata takwas ko kusa da haka. Duk da wannan karimci, ƙasashen Turai huɗu kaɗai suka zo cikin ƙasashe 13, watau Faransa da Beljiyam da Romaniya da Yugoslabiya. A wasan ƙarshe, ranar 30 ga Yuli, aka yi gardama da Ajantina a kan ƙwallon wa za a buga, aka raba, na Ajantina kafin hutu, na Urugwai bayan hutu. Aka tafi hutu Ajantina tana gaba da 2 da 1, aka tashi Urugwai tana da 4, Ajantina 2. Wanda ya ci na ƙarshe, Héctor Castro, hannu ɗaya gare shi, zarto ya yanke masa ɗayan tun yana yaro. Kashegari gwamnati ta ba da hutu. Haushin rashin zuwan Turawa ya sa Urugwai ta ƙi zuwa Italiya a 1934 ta kare kofinta, ba ta kuma je Faransa ba a 1938.

Sai 1950, shekarar da har yanzu ake ba da labarinta. A wannan karon ba a yi wasan ƙarshe irin wanda aka saba ba, ƙasashe huɗu ne suka kara da juna, mai yawan maki ya ɗauka. Barazil, mai masauki, ta ci Suwidin 7 da 1, ta ci Sifen 6 da 1. Urugwai kuwa da ƙyar ta yi 2 da 2 da Sifen, ta ci Suwidin 3 da 2. Saboda haka a ranar 16 ga Yuli, a filin Maracanã na Rio, kunnen doki ma ya ishi Barazil. Waɗanda suka sayi tikiti sun kai 173,850, ana kuma ƙiyasta cewa waɗanda suka shiga sun kusa dubu 200. Da aka dawo daga hutu Friaça ya ci wa Barazil, fili ya ɗauki sowa. Nan fa kyaftin Obdulio Varela ya ɗauki ƙwallo ya rungume a hammata, ya tafi a hankali wajen alƙali yana gardamar cewa an yi satar gida. Ba don yana sa ran a soke cin ba ne, so yake sowar ta lafa kafin a ci gaba, ta kuwa lafa. A minti na 66 Juan Alberto Schiaffino ya farke, a minti na 79 Alcides Ghiggia ya kutsa ta dama ya zura ƙwallo tsakanin mai tsaron gida da turke. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. Ghiggia ya rayu har zuwa 2015, ya rasu a ranar 16 ga Yuli, shekara 65 cif da wannan ci.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi wannan Varela yana cikin jagororin yajin aikin da 'yan wasan ƙasar suka yi daga 1948 zuwa 1949, suna neman a san da ƙungiyarsu, a kuma daina riƙe ɗan wasa kamar kayan kulob. Mutanen da suka tsaya wa shugabanninsu wata da watanni ba albashi, ba taron 'yan kallo ne zai razana su ba.

Daga nan sai gangara. A 1954 Hangari ta ci su 4 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe bayan ƙarin lokaci, kuma wannan ne karo na farko da aka taɓa cin Urugwai a kofin duniya. A 1958 ko zuwa ba su yi ba. Arzikin ƙasar ya dogara ne ga nama da gashin tumaki, da kasuwarsu ta faɗi a tsakiyar shekarun 1950 sai kuɗi suka yi wuya, gwanaye suka fara ficewa zuwa Italiya da Sifen da Ajantina. Sun zo na huɗu a 1970, amma daga 1973 zuwa 1985 soja ne ke mulki, mutane da yawa suka yi hijira, ƙungiyar kuma ta rasa gurbin 1978 da 1982. Akwai kalmar da 'yan ƙasar ke alfahari da ita, garra charrúa, ma'ana jarunta irin ta Charrúa, mutanen asali na ƙasar. Abin mamaki a nan shi ne, sojojin gwamnatin ƙasar ce suka karkashe Charrúa ɗin a Salsipuedes a 1831, sa'an nan jikokin baƙi suka ari sunansu. A zamanin Varela kalmar tana nufin haƙuri da sanyin kai a lokacin tsanani, amma a shekarun 1980 ta koma ƙeta da harbin ƙafa. A 1986 Denmak ta zuba musu 6 da 1, a wasansu da Sikotland kuma aka ba José Batista jan kati tun ba a cika minti ɗaya ba. Gaskiya ne sun ci kofin nahiyarsu a 1983 da 1987 da 1995 a zamanin Enzo Francescoli, amma tsakanin 1970 da 2010 wasa ɗaya tak suka ci a kofin duniya, shi ne na Koriya ta Kudu a 1990. Sun kuma rasa gurbin 1994 da 1998, a 2005 Ostiraliya ta hana su na 2006 da bugun fenariti.

Wanda ya gyara al'amarin tsohon malamin firamare ne, Óscar Tabárez, wanda suke kira da laƙabin Malam a harshensu. Da aka dawo da shi a 2006, ya lura cewa ƙasar ba za ta iya hana 'yan wasanta fita waje ba, tun da kulob na gida ba su da abin biyansu. Saboda haka ya ce a kama yaro tun yana ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka, a horar da ƙananan ƙungiyoyin ƙasa duka a sansani ɗaya bisa tsari ɗaya, a kula da karatunsu da ladabinsu, ta yadda ko sun watse cikin Turai, in sun dawo sun san juna. Tushen yana nan tun da can, domin da wuya a sami unguwar da ba ta da ƙungiyar yara ƙanana masu wasa ranar hutun mako. Luis Suárez da Edinson Cavani duka a garin Salto aka haife su a 1987, mako uku tsakaninsu. Babban abin lura shi ne an bar Tabárez a kan aiki shekara 15, har zuwa Nuwamba 2021, a sana'ar da ake korar koci in ya faɗi wasa uku a jere.

Mutanen Afirka ta Yamma ba su manta da 2 ga Yuli 2010 a Johannesburg ba. Sulley Muntari ya ci wa Gana, Diego Forlán ya farke, sai a daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon Dominic Adiyiah a kan layi. Aka kore shi, Asamoah Gyan ya buga fenariti ya daki sandar sama, Urugwai ta wuce da 4 da 2 a bugun raba gardama. Bisa doka an hukunta mai laifi, amma Gana ce ta biya, Afirka kuma ta sake jira har 2022 kafin Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Urugwai ta zo ta huɗu, aka zaɓi Forlán gwarzon gasar. A 2011 ta ci kofin nahiya na 15 a cikin Ajantina, a 2013 ta ci Nijeriya 2 da 1 a gasar zakarun nahiyoyi a Barazil. A 2014 Suárez ya ciji Giorgio Chiellini na Italiya aka dakatar da shi wasa tara, abin da ya nuna cewa tarbiyyar Malam ba ta kama kowa daidai ba. A 2022 suka sake haɗuwa da Gana a Ƙatar, suka ci 2 ba ko ɗaya, amma duka biyun aka sallame su a zagayen farko.

A 2023 ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 20 ta ci kofin duniya na samari, inda ta doke Italiya 1 ba ko ɗaya, shekara biyu bayan tafiyar wanda ya dasa tsarin. A Disamba 2024 kuma FIFA ta tabbatar cewa za a buga wasa ɗaya na kofin duniya na 2030 a Montebidiyo, don cikar shekara ɗari da gasar farko.