Neman Bizar Ƙaro Ilmi a Ingila

An nemi in yi magana a kan bizar karatu, ni kuwa zan tsaya ga ta Ingila, don can ne hankalin yawancinmu yake in an ambaci digiri na biyu.

Da farko dai, wasiƙar da jami'a ta aiko maka cewa ta ba ka gurbi ba ta isa a nemi biza da ita ba. Sai ka cika sharuɗɗan jami'ar, sau da yawa har da biyan wani kaso na kuɗin makaranta, sa'an nan ta ba ka wata lamba da ake kira CAS. Da wannan lamba, da fasfo, da shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da hukumar Ingila ta amince da shi, ake cike fom ta intanet, a je a ɗauki hoton yatsu. Ana iya nema tun saura wata 6 a fara karatu, amsa kuwa galibi takan fito cikin mako 3.

To, jama'a, inda gizo ke saƙa shi ne batun kuɗi. Tilas ka nuna kana da cikon kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuma na ci da sha da masauki na wata 9. A watan Nuwamba na 2025 aka ɗaga wannan zuwa fam 1,529 a wata ga mai zama a Landan, da fam 1,171 ga na sauran garuruwa, watau fam 10,539 ke nan ga wanda ya kauce wa babban birnin. Ban da wannan akwai kuɗin bizar kanta, da harajin lafiya wanda ya koma fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Kuɗin da za ka nuna sai sun kwana 28 a jere a banki, ba su gaza abin da aka ƙayyade ba ko da na yini guda. Asusun kuwa naka ne, ko na mahaifi, ko na mahaifiya, ko na wanda doka ta ba riƙonka. Kawu mai arziki, wanda a wurinmu uba ne, su ba su san da zamansa ba. Wanda gwamnati ko hukuma irin PTDF ta ɗauki nauyinsa ya huta, wasiƙarta ta wadatar.

Akwai masu yawo suna cewa za su shirya maka takardar banki in ka ba su la'ada. Ku guje su. In aka gano takardar jabu, za a iya hana mutum biza har shekara 10, shi kuwa dillalin ya riga ya cinye rabonsa.

Ni a ganina ma samun bizar shi ne mai sauƙi, riƙe ta ne aiki. A farkon 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Guzurin da aka tara shekara da shekaru ya narke. A watan Mayu na 2024 aka ba da labarin 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa biyan kuɗin makaranta kan lokaci, aka dakatar da su, aka sanar da hukumar shige da fice, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Kada wani ya ce ai zai yi ƙwadago ya cike giɓin, don sa'a 20 kaɗai doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin da makaranta take buɗe, abin da zai samu kuwa da ƙyar ya wuce haya da cefane.

Ku masu iyali, musamman ma'aikata da ke shirin ɗaukar hutun ƙaro ilmi, ku lura cewa tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. Masu digirin bincike ne aka bar wa wannan dama, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a karatun da ya wuce wata 6. Saboda haka lissafin gida biyu za ku yi, ɗaya da fam, ɗaya da naira.

Malam Shugaba, na ga lokaci ya ƙure.