Ƙunshin Ruwa a Cikin Laka da Haƙƙin Majinyacin da Aka Ce Lafiyarsa Lau

 Zan tafi kai tsaye ga mas'alar da na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kanta, wato halin mutumin da ya baro Shema ko wani ƙauye na ƙasar Kurfi tun da asuba, yana kukan hannunsa ya mutu, ko ƙafarsa ta yi nauyi, ko wuta tana ci masa a kafaɗa, aka auna jininsa, aka ɗauki hoton ƙashinsa, sa'an nan aka sallame shi da cewa lafiyarsa lau, ko kuwa aka jingina abin ga taifot da basir da sanyi, waɗanda muke ɗora wa nauyin duk ciwon da muka kasa ganewa. Da'awata ita ce, rashin ganin illa a hoton ƙashi ba ya zama hujjar rashin illa, kuma mafi yawan abin da ake buƙata don a kama ciwon laka tun da wuri yana nan cikin kowane ɗakin duba marasa lafiya na ƙasar nan.

Laka, kamar yadda kuka sani, tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, ruwa mai tsabta yana kewaye da ita, wanda a jikin baligi bai wuce kimanin mililita 150 ba, ko da yake jiki yana yin kusan 500 a kowace rana yana sabunta shi. Idan wani abu ya tare wa ruwan nan hanya, sai ya riƙa kutsawa cikin tsakiyar lakar, ya haƙa kogo, kogon ya yi ta faɗaɗa a hankali cikin shekaru, yana matse jijiyoyi daga ciki zuwa waje. Wani likitan Faransa, Ollivier, shi ya raɗa wa ciwon suna siringomayeliya a 1827, Chiari kuma ya bayyana a 1891 yadda gindin ƙwaƙwalwa kan zurma cikin ramin da laka ke fita, wanda shi ne babban sababin ciwon. Hoton eksire ƙashi yake nunawa; laka da ruwanta ba sa fitowa a cikinsa ko kaɗan.

Ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Allah cikin hikimarsa bai haɗa hanyoyin ji wuri ɗaya ba: jijiyoyin da ke kai labarin zafin ciwo da na ɗumi da sanyi suna ƙetarawa daga wannan ɓangare zuwa wancan ta tsakiyar laka, daidai inda kogon ruwan ke farawa, alhali waɗanda ke kai labarin taɓawa da sanin inda gaɓa take suna hawa ta bayan laka, nesa da wurin. Saboda haka majinyaci kan rasa jin zafi da ɗumi a hannuwa da kafaɗu da saman baya, daidai inda alkyabba ke sauka a jikin mai ita, amma in ka shafa masa auduga zai gaya maka inda ka taɓa. Na duba wata baiwar Allah da aka kawo kan ciwon wuya, na ga tafin hannunta duk tabon ƙuna, sabo a kan tsoho, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zaizaye. Da na tambaye ta, sai ta ce takan sauke tukunyar tuwo da hannu, ba ta sanin ta ƙone sai ta ga bororo. Kishiyoyinta sun riga sun ware mata ƙwarya, a zatonsu kuturta ce. Abin da na auna ta da shi tsinke ne mai tsabta, da auduga, da kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da ruwan randa, da 'yar gudumar buga gwiwa.

Ware ƙwaryar nan ba sabon kuskure ba ne, kuma manyan likitoci sun faɗa cikinsa. A 1883 wani likita mai suna Morvan ya ba da labarin mutane a yankin Biritani na Faransa waɗanda yatsunsu ke ruɓewa ba tare da zafi ba, Zambako Fasha, likitan Santambul, ya dage cewa kuturta ce, aka daɗe ana muƙabala kafin a tabbatar cewa da yawansu kogon ruwa ne a laka. Mu da muka gaji cibiyoyin kuturta na Babbar Ruga a nan Katsina da Saye a Zariya ya kamata mu fi kowa iya rarrabewa, domin kuturta tana zuwa da tabo mai haske a fata wanda ba ya ji, jijiya kuma takan kumbura har a taɓa ta a bayan gwiwar hannu, ciwon laka kuwa ba ya fitar da tabon, sai dai hannu ya ƙi zabura in an buga jijiyarsa, ƙafafu su sandare, ƙeya ta sara in mutum ya yi tari ko atishawa, yaro kuma bayansa ya karkace. Wanda bai tuɓe wa majinyaci riga ya duba ba, hukuncinsa zato ne, kuma a kan zato irin wannan ake kashe aure, ake hana mutum sahun masallaci, ake kai shi wurin mai tsaga da ƙaho har shekaru su shige.

Sababan ciwon kuwa suna tare da mu. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, na 2017 ma ya taɓa Katsina da Zamfara da Sakkwato, kuma wanda ya tashi daga sanƙarau yana iya saura da tabo a mayafin laka da zai tare ruwa bayan shekaru. Haka tibi idan ta kama mayafin nan, haka faɗuwa daga babur da aka kai wa maɗori aka ce an warke.

Masu saɓa mini suna cewa ciwon kaɗan ne, maleriya da haihuwa sun ishe mu. Ba mu san yawansa ba ne don ba ma nemansa, kuma gwajin da nake kira gare shi ba ya cin kwabo daga kasafin maleriya, shi ne kuma ke tona ciwon suga da ya ci jijiya, da ƙari mai danne laka, da tibin ƙashin baya. Wasu kuma, musamman hukumomi, sun ce magani shi ne a sayo na'urar MRI. Na'urar alheri ce, ita ce ke tabbatar da ciwon, sai dai tana nuna abin da ba shi ne ke damun mutum ba: ƙunshin ruwan da Tarlov ya bayyana a 1938 a gindin ƙashin baya ana samunsa a jikin mutane da yawa waɗanda ba ya yi musu komai, kuma likitan da bai auna majinyaci ba yana iya kai shi tiyata a kan abin da ba shi da laifi.

Imam Ghazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, ni kuma a ganina kifayar ba ta cika a ƙasar da babu mai iya auna jijiya. Abin da nake nema shi ne a koya wa kowane jami'in lafiya na Dutsin-Ma da Kurfi wannan gwaji, a wajabta shi kan duk mai kukan mutuwar gaɓa, a rubuta sakamakonsa a kati. A hana rubuta wa kowa kuturta sai an ga alamarta ta tahƙiƙi. A buɗe hanyar turawa sananniya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Shika, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Sakkwato, gwamnati ta ɗauki kuɗin hoton wanda gwaji ya nuna yana buƙata. Gaggawar kuwa dalilinta ɗaya ne, tiyata tana iya tsayar da kogon ya daina faɗaɗa, amma galibi ba ta mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin nan na Dutsin-Ma a 2011 ita nake roƙo ta ɗauki nauyin ƙirga masu irin wannan kuka, ƙauye-ƙauye, a fara da Shema.