Hakin Mai Jego Ba Son Jiki Ba Ne



Maganata a yau a kan ciwon da ya kusa raba mu da wata abokiyar aikinmu ce. Ta dawo daga hutun haihuwa, sai muka ga ba ta rubuta layi uku a allo sai ta zauna tana haki. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mu kuwa, Allah Ya yafe mana, muka ce gajiyar jego ce, wasu ma suka ce son jiki. Sai da ta kai ba ta iya barci sai a jingine sannan aka kai ta asibiti.

Likita ya ce tsokar zuciyarta ce ta raunana. Idan tsokar ta saki, zuciya ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Yakan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni 5 bayan haihuwa. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya: binciken asibitoci a Sakkwato da Kano ya samu kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu.

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan, irin na Farfesa Kamilu Karaye a Kano, ya fi karkata ga hawan jini lokacin ciki, da rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta gaji ba ta son ƙarin kaya. Wannan sai mu gaya wa iyayenmu mata cikin ladabi.

Magani akwai shi. Za a ɗauki hoton zuciya, a ba da ƙwayoyin fitar da ruwa ta fitsari da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, a rage gishiri. Da yawa sukan farfaɗo cikin watanni, muddin ba a ajiye magani don kumburi ya sace ba. Magidanta kuma ku ji da kyau: sabon ciki kafin likita ya ce zuciya ta warke yana iya kashe ta.

Roƙona ga reshe shi ne, duk malamar da ta haihu aka ga tana haki, shugaban makaranta ya sallame ta zuwa asibiti a ranar, mu raba darussanta a tsakaninmu. Tamu ta koma ajinta, tana nan tana shan magani.