Shugaban gungu: yau a gaba, gobe a baya



Yau maganarmu a kan shugabancin gungu take. Da yawa cikinku an danƙa muku riƙon bankin abincin bisashe, ko rijiya, ko asusun turka. To, wannan dukiyar jama'a ce, kuma shugaban da ya iya hali ɗaya tak, gungunsa ba ya daɗewa.

Ku dubi garke. Tafiya kiwo kana gaba, shanu suna bin ka. A burtali, tsakanin gonaki, kana gefe da sanda. Komawa gida kuwa sun san hanya, sai ka koma baya kana lura da maruƙa. Haka riƙon mutane yake.

In wutar daji ta tashi bayan damina, ko saniya ta faɗi farat ɗaya ana zaton ciwon saifa ne, ba lokacin shawara ba ne. Ka ba da umurni: kada a feɗe, kada a ci, a binne ta da zurfi, a kira ma'aikacin kiwo.

Amma maganar kuɗi ba a yanke ta a ɗaki. Nawa za a sai da buhun dusa da angurya a bazara? Wa za a ba bashi? Ka tara jama'a, har da mata, don yawancin awaki nasu ne. Ka saurara tukuna. Farashin da kowa ya yarda da shi, shi ake biya ba rigima.

Sabon magatakarda, ko da ya yi lakkwal, ka zauna da shi duk ranar kasuwa, ku ƙirga buhuna, ku duba littafi tare. In hannunsa ya faɗa, ka ja baya kaɗan kaɗan.

Garso kuwa, wanda ya ga farin 1984 da ƙarancin ciyawar 2010, ba a koya masa daji. Ka ce: "Baba, duba mana wajen ciyawa da ruwa," ka bar shi da aikinsa. In ka matsa masa, zai yi shiru, kuma shirunsa hasara ce ga garke duka.

Saboda haka, kafin ka buɗe baki, tambayi kanka abu biyu: abin nan na gaggawa ne? Mutumin nan ya san aikin?

Ku tattauna wannan a taronku mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana bisashe.