Sau Biyu Aka Ƙi Karɓar Shafinmu, Kuma Laifinmu Ne

Yau labarin kunyar da na sha zan ba ku, don kada ku sha irinta.

Ku ɗauki waya ku rubuta "Yauri" a Google. Cikin abubuwan da za ku ci karo da su akwai hatsarin jirgin ruwan Warrah a Ngaski, na watan Mayun 2021, da sace ɗaliban FGC Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin shekarar. Gaskiya ne, sun faru, kuma ba mu manta ba. To amma ina Rigata? Ina kasuwar kifin Yelwa? Ina tarihin Gungawa da aka tasa daga tsibiransu lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968?

Wannan ya sa ni da abokaina muka buɗe shafi kan Yauri, Ngaski da Shanga. Sai na tura adireshinsa ga wani kundi da ke jera shafukan ƙungiyoyin matasa. Bayan mako uku amsa ta zo, layi ɗaya tak: ba a amince ba. Wallahi na yi fushi. Har na ce ai don mu 'yan Arewa ne.

Na sake turawa haka nan, ban gyara komai ba. Wannan karon mai tantancewar ya yi mini bayani, Allah Ya saka masa da alheri. Na farko, na rubuta "shafi mafi inganci a duk Arewa", su kuwa ƙa'idarsu ka faɗi abin da ke ciki, ba kirari ba. Na biyu, na sa mu a rukunin yawon buɗe ido, alhali mu ƙungiyar al'umma ce. Na uku, ɓangarori huɗu na shafin babu komai sai "muna kan aiki". Na huɗu, babu hanyar tuntuɓarmu. Duk waɗannan suna cikin ƙa'idojin da na danna "na yarda" ban karanta ba. Kun ji fa!

Kuma wannan tsari ba sabo ba ne. Ita kanta Yahoo a 1994 jerin shafuka ce da Jerry Yang da David Filo suke tsarawa da hannu. DMOZ, da aka kafa a 1998, 'yan sa-kai ne ke duba kowane shafi kafin ya shiga, har aka rufe shi a Maris 2017. Yau ma idan za ka sa shagonka a Google Maps, sunan da ke jikin allon shagon za ka rubuta, ba tare da ƙarin talla ba.

Na gyara, na tura karo na uku, aka karɓa cikin kwana biyar.

Amma ina da magana da masu tantancewa su ma. Amsar farko ba ta koya mini komai ba. Yaron da ya sayi data da kuɗin kifin babansa, idan ka ce masa "a'a" babu dalili, ba zai dawo ba. Layi biyu na bayani ba sa cin awa guda.

Shi ya sa jerin da muke haɗawa na masu sana'a a Yauri, masu ƙera jirgi, masu bandar kifi, teloli, muka yi alkawari: duk wanda muka mayar wa, za mu faɗa masa dalili da Hausa, da yadda zai gyara.

Ku karanta ƙa'ida kafin ku tura. Wanda aka taɓa ƙin karɓar nasa kuma, ya ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.